Rabin wuni ko cikakken wuni: faɗi-tashin shigar da 'ya'yan talakawan Amurka aji tun suna ƙanana

Ƙarfe 11:30 na safe, rana ba ta ma kai tsaka ba, ake tashin ajin share fage na rabin wuni a garuruwan Amurka da har yanzu suke kan wannan tsari. Mai kallo daga nesa ba zai ga wani abin damuwa ba. Amma mu ɗauki wata uwa mai gyaran ɗakuna a otal, wadda ake biya bisa yawan awannin da ta yi. Ta kama aiki ƙarfe 7, ba za ta tashi ba sai 3 na yamma. Ɗanta mai shekara 5 yana tsaye a bakin ƙofar makaranta, 'yar jakarsa a baya, yana leƙen wanda zai zo ɗaukarsa. In ta bar aiki ta zo, a zabtare mata kuɗi. In ta yi haka sau uku sau huɗu, a ce ta nemi wani wurin. Idan da kaka a kusa, da sauƙi, yaron ya ƙarasa wuninsa a gaban talabijin. In babu, sai ta haƙura da makarantar baki ɗaya, ta riƙa ajiye shi wurin wata maƙwabciya mai raino, har ya kai shekarun da doka ta tilasta a kai shi aji.

Takwararta da ke unguwar masu hali ba ta san wannan fargaba ba. Tun ɗanta yana shekara 3 ta sa shi a nazire mai zaman kanta, tana biyan dubban daloli a shekara. Ranar da yaran nan biyu za su haɗu a aji ɗaya na firamare, ɗaya ya iya riƙe fensir, ya saba sauraron labari har ƙarshensa, ya san yadda ake jira a gama ba wani kafin a ba shi. Ɗayan kuwa ranar zai fara. Malamai sun san wannan tazara sarai, kuma sun san da wuya ta rufe don kanta. Haka take bin yaro aji bayan aji.

Abu biyu ake magana a kai, kuma yana da kyau a raba su. Na farko shi ne ajin share fage, wanda Amurkawa ke kira kindagatin, kalmar Jamusanci mai nufin lambun yara, wadda Friedrich Fröbel ya raɗa a 1840. Aji ne na 'yan shekara 5, a cikin makarantar firamare yake, kamar abin da mu muke ce wa rabin aji. Na farko da gwamnati ta ɗauki nauyinsa a Amurka an buɗe shi a birnin St. Louis a 1873, ƙarƙashin wata malama Susan Blow. A kansa gardamar ita ce: awa 3 ko wuni guda? Na biyu shi ne nazire ta 'yan shekara 3 da 4, wadda ba ta cikin tsarin makarantun gwamnati tun asali. A kanta gardamar ta fi zafi: shin ma aikin gwamnati ne, kuma in aikinta ne, wa zai biya?

Inda gizo ke saƙa

Gwamnatin tarayya ba ita ke riƙe da makarantu a Amurka ba. Ƙasar ta kasu gundumomin ilimi wajen 13,000, kowacce da hukumarta da asusunta. Abin da ke zuwa daga Washington a yawancin shekaru bai wuce kashi 10 cikin 100 na kuɗin makarantu ba. Sauran jiha da gunduma ne ke haɗawa, kuma kason gunduma daga harajin gidaje da filaye yake fitowa. To, a nan ne matsalar take. Garin da gidajensa ke da tsada, ko ɗan haraji kaɗan ya sa sai asusunsa ya cika. Garin da masana'antunsa suka rufe, gidajensa suka faɗi daraja, ko ya matse mazaunansa iya matsewa abin da zai tara ba zai taka kara ya karya ba. Kuma a irin wannan garin ne yaran da suka fi buƙatar taimako suke.

An kai maganar gaban Kotun Ƙolin Amurka daga birnin San Antonio na jihar Texas. A 1973 alƙalai 5 suka rinjayi 4, suka ce tsarin mulkin tarayya bai ɗauki ilimi a matsayin haƙƙi na asali ba, saboda haka ba za su tsoma baki ba. Shekara biyu kafin nan, a 1971, Shugaba Richard Nixon ya ƙi sa hannu a dokar da majalisa ta zartar don kafa cibiyoyin kula da ƙananan yara a faɗin ƙasar. Abin da ya rage a hannun tarayya shi ne shirin Head Start da Shugaba Lyndon Johnson ya ƙaddamar a 1965 don 'ya'yan marasa ƙarfi, wanda bai taɓa samun kuɗin da zai ɗauki duk yaran da suka cancanta ba. Yunƙurin Joe Biden na 2021 na samar da nazire kyauta ga kowa ya wuce majalisar wakilai, ya je ya maƙale a majalisar dattawa. Shi ya sa duk wani motsi na gaske a wannan fage daga jihohi da birane ya fito.

Jihar da labarinta ya fi ɗaukar hankalina ita ce New Jersey.

Shari'ar Abbott

A 1981 wata lauya mai suna Marilyn Morheuser, wadda ta taɓa zama sistar coci kafin ta karanta lauya, ta shigar da ƙara a madadin yara 20 daga biranen Camden, East Orange, Irvington da Jersey City. Sunan Raymond Abbott na Camden ne ya zo farko a jerin haruffa, kwamishinan ilimi na lokacin kuma Fred Burke, shi ya sa shari'ar ta amsa sunan Abbott da Burke. Hujjarta daga tsarin mulkin jihar ta ɗauko ta, wanda ya wajabta wa majalisa samar da ingantaccen tsarin makarantu na kyauta ga yara 'yan shekara 5 zuwa 18. A 1990 Kotun Ƙolin jihar ta yarda cewa an tauye yaran gundumomi 28 na biranen talakawa. Daga baya adadin ya kai 31, ciki har da Newark, Paterson, Trenton, Elizabeth da Union City.

Morheuser ta rasu a 1995, ba ta ga hukuncin da ya fi kowane tasiri ba. A 1998 kotun ta umarci jihar da ta mayar da ajin share fage na cikakken wuni a waɗannan gundumomi, sannan ta buɗe nazire ga duk ɗan shekara 3 da 4 da ke zaune a cikinsu. Tsarin mulki bai ambaci 'yan ƙasa da shekara 5 ba, amma kotun ta dogara da dokar kuɗin makarantu ta jihar da kuma shaidar masana, cewa yaron da ya shigo aji ɗaya da irin wancan giɓi, gyaran da za a yi masa daga baya ya makara. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, wannan ba sabon zance ba ne a wurinmu. Sabon abu shi ne kotu ta mayar da shi umarni, ta kuma sa a fitar da kuɗi.

Shaidar da masanan suka fi jingina da ita ta fito ne daga wasu ƙananan gwaje-gwaje guda biyu. Ɗaya an yi shi a garin Ypsilanti na jihar Michigan daga 1962, a makarantar Perry, da yara baƙar fata 123 'ya'yan talakawa. An sa 58 a nazire ta awa biyu da rabi kullum, malamai kuma suna kai ziyara gidajensu duk mako, sauran 65 aka bar su yadda suke. Aka yi ta bin sawunsu har suka kai shekara 40. A cikin waɗanda suka shiga, kashi 65 cikin 100 sun kammala sakandare, a ɗaya ɓangaren kashi 45. Waɗanda 'yan sanda suka kama sau 5 ko fiye, kashi 36 ne a ɓangaren farko, kashi 55 a na biyu. Masanin tattalin arziki James Heckman da abokan aikinsa sun ƙiyasta ribar wannan jari da kashi 7 zuwa 10 cikin 100 a kowace shekara. Na biyun, Abecedarian, an fara shi a jihar North Carolina a 1972 da yara 111, tun suna jarirai, wuni guda cur. Amma fa a lura: yara ɗari da 'yan kai ne a hannun ƙwararrun da suka sa ransu a aikin. Ɗaukar wannan a shimfiɗa shi kan yara dubun dubbai, wani aiki ne daban.

New Jersey ta ga haka da idonta. Da aka fara a 1999, gwamnatin Christine Todd Whitman ta nemi hanya mai sauƙi. Makarantun gwamnati ba su da ɗakuna, sai aka ba gidajen rainon yara masu zaman kansu da cibiyoyin Head Start kwangila, ba tare da an canza komai a cikinsu ba. Malamai da yawa ba su da digiri, albashinsu bai kai ya kawo ba. Da masu bincike suka zagaya azuzuwan da wani ma'aunin inganci mai maki 1 zuwa 7, matsakaicin abin da suka samu bai kai 4 ba. An gudu ba a tsira ba ke nan: yara sun sami kujera, karatu kuwa babu.

Lauyoyin suka koma kotu, kuma hukuncin shekarar 2000 ne ya gyara zaman. Kotun ta ce aji kada ya wuce yara 15, da malama mai digiri da takardar shaidar koyar da ƙananan yara, da mataimakiya, da manhaja ta gaske. Abin da jihar ta yi bayan nan shi ne ya fi burge ni. Da an ga dama sai a kori matan da ke aiki a gidajen rainon nan, a ɗauko sababbi daga waje. Ba a yi haka ba. An ba su wa'adi zuwa 2004, aka biya musu kuɗin karatu, jami'o'in jihar suka buɗe musu kwasa-kwasai, aka kuma ce duk wadda ta kammala za a daidaita albashinta da na malaman makarantun gwamnati. Matan nan 'yan unguwa ne, da yawansu suna jin Sifaniyanci kamar iyayen yaran, sun san gidajen da yaran suka fito. Suna aiki da rana suna karatu da dare, kuma mafi yawansu sun kai gaci. Aka kuma naɗa gogaggun malamai masu zagayawa aji-aji, su zauna su kalli darasi, su tattauna da malama bayan an tashi. Kafin ƙarshen shekarun 2000, makin ingancin nan ya haura 5, yaran da ke cikin shirin kuma sun tashi daga kimanin 19,000 zuwa sama da 40,000. Wunin karatu awa 6 ne, kwana 180 a shekara, tare da ƙarin awannin kula da yara safe da yamma ga iyaye ma'aikata.

Me ake yi a cikin awa 6 ɗin? Wanda ya leƙa irin wannan aji yana zaton zai tarar da yara a jere suna maimaita haruffa, zai sha mamaki. An kasa ɗakin lungu-lungu. Nan wasu uku suna gina gada da katakai, ta rushe, suna gardamar wanda ya jawo. Can wata ta ɗaura ƙyalle tana sayar da 'ya'yan itacen roba, tana rubuta wa mai saye rasit da wasu layuka da ita kaɗai ta san ma'anarsu. Malama ba ta tsaye a gaban allo. Ta durƙusa kusa da masu gada tana tambaya: me ya sa ta faɗi? In mun sa dogon katakon a ƙasa fa? Yaro ya ba da amsa da kalma biyu, ta maimaita masa da cikakkiyar jimla, ta ƙara masa sabuwar kalma ɗaya. An ci abinci tare a teburi guda, an yi ɗan barci, an fita waje an yi guje-guje. Ga ɗan shekara 3 wannan shi ne karatu, kuma ba ya yiwuwa in yara 30 ne a hannun mutum ɗaya.

Cibiyar binciken ilimin ƙananan yara da ke Jami'ar Rutgers, ƙarƙashin Steven Barnett, ta bi waɗannan yara. A rahotonta na 2013, lokacin da suka kai aji biyar, ta samu cewa sun fi takwarorinsu a karatu da lissafi da kimiyya, maimaita aji ya ragu sosai a cikinsu, haka ma tura su azuzuwan masu buƙata ta musamman. Waɗanda suka yi shekara biyu sun fi waɗanda suka yi ɗaya. Gaskiya ɗaya da ya kamata a faɗa: ba da ƙuri'a aka raba yaran wannan bincike ba, tunda shirin na kowa ne a gundumar, don haka mai shakka yana iya cewa iyayen da suka kai 'ya'yansu dama can sun fi himma. Masu binciken sun yi ƙoƙarin cire wannan a lissafinsu, amma ƙofar gardama ba ta rufe ruf ba.

Darasin Tennessee da na Boston

Inda aka raba da ƙuri'a kuma, sakamakon ya zo iri biyu, kuma duk mai son wannan harka da gaske dole ya tsaya ya kalli duka biyun.

Jihar Tennessee ta faɗaɗa nazire ga 'ya'yan marasa ƙarfi daga 2005. Da yake masu nema sun fi gurabe yawa a wasu makarantu, sai aka yi ƙuri'a, abin da ya ba masana na Jami'ar Vanderbilt, su Dale Farran da Mark Lipsey, damar bin yara kusan 3,000. A ƙarshen shekarar farko, waɗanda suka shiga sun yi gaba. Kafin a gama ajin share fage sauran sun kamo su. Da sakamakon aji shida ya fito a 2022, sai hankalin kowa ya tashi: waɗanda suka yi naziren sun fi samun ƙarancin maki a jarrabawar jiha, sun fi shiga matsalar ladabtarwa, an fi tura su azuzuwan masu buƙata ta musamman. Kuma malamansu masu takardar shaida ne, ba za a ce jahilci ba ne.

Farran, wadda ta shafe shekaru tana shiga azuzuwan nan, ta bayyana abin da take zargi. An cusa 'yan shekara 4 a gine-ginen firamare da ba don su aka yi ba. Banɗaki yana can ƙarshen baranda, ɗakin cin abinci yana wani ɓangare, sai wani babban yanki na wunin ya tafi a jera layi, a yi shiru, kada a taɓa bango. Abin da ya rage kuma malama ce ke magana yara na sauraro, ana haddar haruffa da lambobi, abubuwan da kowane yaro zai koya cikin 'yan watanni ko da bai je nazire ba. Yaron da ya fara sanin makaranta a matsayin wurin da ake ce masa zauna, yi shiru, tun yana shekara 4, ba abin mamaki ba ne in ya kai shekara 12 ya gaji da ita. Wannan fassararta ce, akwai masanan da ke ganin abin da wata fuska, amma ni ta zauna mini. Abin da Tennessee ke kashewa kan kowane yaro ma bai wuce rabin na gundumomin Abbott ba, inda ake kashe sama da dala 12,000 a shekara. Araha ba ta ado.

Boston kuma ta zo da wani labarin. A 2021 masana uku, Guthrie Gray-Lobe, Parag Pathak da Christopher Walters, suka bi yara sama da 4,000 da suka shiga ƙuri'ar naziren birnin tsakanin 1997 da 2003. A makin jarrabawar jiha ba su ga wani bambanci ba. Da a nan aka tsaya, da an ce asarar kuɗi aka yi. Amma da aka duba gaba, a cikin kowane yara 100 an sami ƙarin 6 da suka kammala sakandare, da ƙarin 8 da suka wuce jami'a ko kwaleji kai tsaye, an kuma rage yawan dakatar da su daga makaranta. Haka ma aka gani a Perry: fifikon da yaran suka samu a gwajin ƙwaƙwalwa ya dushe tun suna firamare, amfanin ya sake ɓullowa bayan sun girma. Babban binciken da gwamnatin tarayya ta yi kan Head Start ya nuna ribar farko ta ɓace kafin ƙarshen aji uku, kuma masu adawa sun daɗe suna kafa hujja da shi. Ni dai a ganina, abin da nazire ta ƙwarai ke dasawa a yaro, wato haƙuri da aiki, iya zama da mutane, yarda cewa makaranta wurinsa ce, takardar jarrabawar aji uku ba ta iya auna shi.

Batun cikakken wuni

Wannan ɓangaren ya fi sauƙin fahimta, don galibinsa lissafi ne. A tsarin rabin wuni, malama ɗaya da ɗaki ɗaya suna ɗaukar rukuni biyu, na safe da na rana. Ranar da aka ce cikakken wuni, an ninka buƙatar malamai, an ninka buƙatar ɗakuna. Gundumar da ginin makarantarta ya shekara 80, ba ta da ko filin ƙara aji, ina za ta sa su? Shi ya sa New Jersey ta zartar da dokar gine-gine a 2000 da ta ware dala biliyan 6 ga gundumomin Abbott. Hukumar da aka ɗora wa aikin ta yi almubazzaranci, kuɗin suka ƙare a 2005 ba a gama ayyukan ba, sai da aka sake mata fasali.

Duk da tsadar, ƙasar ta riga ta karkata. A 1977 kashi 28 cikin 100 na 'yan ajin share fage ne ke yin cikakken wuni, a 2013 sun kai kashi 77. Amma abin da aka bayar ana iya karɓewa. Jihar Arizona ta fara biyan kuɗin cikakken wuni a 2004 zamanin gwamna Janet Napolitano, ta faro daga makarantun da talauci ya fi yawa. Da tattalin arziki ya karye, aka soke kuɗin a 2010, wajen dala miliyan 218, gundumomi suka koma ko dai su yanko daga wani wuri ko su caji iyaye. A Colorado, kafin gwamna Jared Polis ya sa a gyara a 2019, jiha tana biyan kashi 58 cikin 100 ne kawai na kuɗin ɗalibi ga ɗan ajin share fage, iyaye da yawa suna cika ragowar daga aljihunsu. Makarantar gwamnati ce, amma rabin wuninta na mai kuɗi ne. Wannan abu yana ci mini rai.

A ɓangaren karatu, nazarin da Harris Cooper na Jami'ar Duke ya jagoranta a 2010, wanda ya tattara binciken da aka yi a baya, ya samu cewa 'yan cikakken wuni suna gaba a ƙarshen shekara, amma tazarar tana ɓacewa zuwa aji uku. Chloe Gibbs kuma, da ta yi amfani da ƙuri'ar da aka yi a wasu gundumomin jihar Indiana, ta ga ci gaba a fannin karatu, kuma yaran da suka fito daga gidajen 'yan asalin Latin Amurka su suka fi cin riba. Wannan ya yi daidai da hankali: yaron da ba a Turanci a gidansu, kowace awa da ya ƙara a cikin masu yin sa riba ce. Sai dai ƙarin awa 3 na zauna-yi-shiru ba zai haifar da ɗa mai ido ba, darasin Tennessee yana nan daram a nan ma.

Ga kuma uwar nan ta otal, wadda ba kasafai ake sa ta a lissafi ba. Birnin Washington ya fara nazire ta cikakken wuni ga 'yan shekara 3 da 4 bayan dokar 2008, kuma a shekarun da suka biyo baya yawan iyaye mata masu ƙananan yara da ke aiki ko neman aiki ya ƙaru ƙwarai. Albashin da ya shigo gida shi ma wani nau'in tallafin karatu ne ga yaro.

Ba zan ɓoye ba, duk lokacin da nake karanta labarin Tennessee sai rabin ajinmu ya faɗo mini a rai. Dokar ilimin bai-ɗaya ta Najeriya ta 2004 ta haɗa da kula da ƙananan yara, manufar ilimi ta ƙasa ta 2013 kuma ta sa shekara guda ta share fage kafin aji ɗaya. Na taɓa tsayawa a tagar irin wannan aji a wata makarantar gwamnati. Yara sun cika ɗaki a zaune a ƙasa, wasu da silifas a hannu kada ya ɓata, malama ɗaya da 'yar tsumagiya tana nuna allo, suna bin ta da ƙarfi har muryoyinsu na fita titi. Wata ƙarama a gefe barci ya kwashe ta, kanta a kafaɗar yayarta. Malamar nan ba ta da laifi, iya ƙoƙarinta take yi, kuma ta cancanci a gode mata. Amma ba a ba ta abin da aka ba matan Newark da Camden ba.

Wa za a ba, wa za a bari?

Akwai tsohuwar gardama kan ko a keɓe shirin ga talakawa kaɗai, ko a buɗe wa kowa. Georgia a 1995 da kuɗin cacar gwamnati, Oklahoma a 1998, da birnin New York a 2014 zamanin magajin gari Bill de Blasio, duk sun zaɓi na kowa ga 'yan shekara 4. Hujjarsu ita ce shirin da 'ya'yan masu faɗa a ji ke ciki ba a saurin yanke masa kuɗi, kuma yara suna koyo daga junansu. Masu keɓewa suna cewa kuɗi ba su da yawa, a fara da mai jin yunwa. Tsarin Abbott ya bi tsakiya: an zaɓi gundumomin talakawa, amma a cikinsu ba a tambayar uba nawa yake samu. Babu cike takardar nuna talauci, babu yaron da za a nuna da yatsa.

Raunin wannan tsari shi ne talauci ba ya tsayawa a iyakar gunduma. Yara marasa ƙarfi da yawa a New Jersey suna zaune a ƙananan garuruwa da ƙauyukan da ba sa cikin 31 ɗin nan. Dokar kuɗin makarantu ta 2008, zamanin gwamna Jon Corzine, ta yi alkawarin kai musu irin wannan nazire. A shekarar ce tattalin arzikin duniya ya durƙushe, alkawarin ya zauna a takarda kusan shekara goma. Yaran da aka yi wa shi suna shekara 3 sun kusa shiga sakandare kafin a fara sakin kuɗi a 2017. Gwamna Phil Murphy, da ya hau a 2018, ya riƙa ƙara gundumomi kowace shekara, a kan sharuɗɗan nan dai na yara 15 da malama mai takardar shaida. A 2025 ya sa hannu a dokar da ta shigar da kuɗin faɗaɗa naziren cikin doka, ta kuma ba ragowar gundumomin da ba su da ajin share fage na cikakken wuni wa'adi zuwa zangon karatu na 2029 zuwa 2030 su samar da shi kyauta. Abin da ke gaban waɗannan gundumomi yanzu shi ne wanda Newark da Camden suka fuskanta a 1999: nemo ɗakuna, da nemo malaman da za su durƙusa kusa da masu gina gada.